Kazar da Aka Ce Kuturwa Ce

Jikata ce ta tono min wannan tsohon zance, ba tare da ta san ta yi ba. Ubanta ya sayo kajin gida biyu a kasuwar Dei-Dei, ya ce a ajiye su a bayan kicin kafin baƙin da muke tsammani su iso, don shi har gobe bai yarda kazar firji nama ba ce. Da hantsi ina zaune a baranda sai ga yarinyar ta rugo tana yarfe hannu.

"Hajiya Kaka, zo ki ga ƙafar kazar nan! Kamar an zuba mata siminti. Wallahi ni dai ba zan ci ba, it's disgusting."

Uwarta, wato surukata, ta biyo ta da waya a hannu. Ta ɗauki hoton ƙafar daga nesa, ta latsa, ta latsa, sannan ta ce, "Mama, wai mites ne, wasu ƙananan ƙwari masu shiga ƙarƙashin fata. A kai ta wurin likitan dabbobi ne, ko kawai maigadi ya jefar da ita?"

Na ce ba mai jefar da ita ina raye. Na sa aka kawo min ruwa mai ɗumi a roba, da sabulu, da tsohon burushin goge baki, da kwalbar basilin. Na zauna na kwantar da kazar a cinyata, su kuwa suka ja baya suna kallona kamar na tsinto maciji. Ƙafafun sun yi kauri, ɓawon ya ɗaɗɗaga ya yi fari, wani wurin ya dunƙule kamar busasshen ƙullu. Ina tsoma su a ruwan nan hannuna ya riga kaina tuna aikin, sai ga hawaye na zubo min. Jikata ta ce, "Hajiya Kaka, kuka kike yi saboda kaza?" Na ce sabulu ne ya shiga min ido, ta tafi ta ba ni wuri.

A nan Karu aka haife ni, amma yau in aka sauke ni a bakin titi aka ce in nuna inda gidanmu yake, sai dai in yi ta waige-waige. A lokacin ba wanda ya taɓa mafarkin za a kawo babban birnin ƙasa kusa da mu. Ƙauye ne na Gbagyi, da gonakin doya da dawa, da itatuwan kaɗanya da ɗorawa har iya ganinka. Mu Hausawa 'yan gidaje ne kaɗan a gefen kasuwa. Babanmu daga ƙasar Zazzau ya zo da fataucin gishiri da kanwa, wuri ya karɓe shi, ya aika aka kawo masa mahaifiyarsa da matarsa. Zakara ne ke tashin mu, na gidanmu ya fara, na maƙwabta su amsa, har carar ta zagaye gari ta dawo. Daga nan sai ƙarar taɓarya, da muryoyin matan Gbagyi suna wucewa ta bayan dangarmu da kaya a kafaɗa, don su ba sa ɗaukar kaya a ka. Yanzu kuwa janareton maƙwabci ne ke tashina, shi da hon ɗin masu sammakon tsere wa cunkoson Mararaba. Tsakar gidan ɗana an shafe ta da siminti kaf, ko tafin hannu ba a bari na ƙasa ba, har kazar nan da aka sayo ta yini tana tono tana jin ciwo a farce. Na tausaya mata, domin ni ma haka na yi ta yi a watannin farko da aka dawo da ni gidan nan.

Gidanmu na da, Kaka ce ke riƙe da shi, wato mahaifiyar Baba. Doguwa ce, siririya, mai kaifin ido da kaifin harshe. Ba ta da mugunta, amma ba ta san lallashi ba. Takan ce ita ba ta kiwon rago, mutum ne ko dabba. Kaji nata ne, aikinsu nawa ne. Da gari ya waye ni zan janye dutsen bakin akurki su fito suna ture juna, in watsa musu dusa da ƙasari, in cika musu kasko da ruwa. Ni zan share kashinsu in kai bayan gida inda ake shuka kuɓewa, ni zan zauna gadin 'yan tsaki da kara a hannu saboda shirwa. Da yamma in tsaya a tsakar gida ina kur-kur-kur har ta ƙarshe ta shiga. Kaka na zaune a bakin murhu kamar ba ta kallo, amma in ɗaya ta ɓace ita za ta fara sani. Yaran yanzu, jikokina, in ka tambaye su daga ina ƙwai ke fitowa za su ce daga kiret.

Cikin kajin nan akwai ɗaya da ba ta Kaka ba. Wata wake-wake ce, mai ɗigon fari da baƙi, da ɗan tukku a ka. Ta Innata ce, da ita ta dawo daga garinsu a ganin gida na ƙarshe da ta je, tun tana 'yar budurwar kaza. Inna ta rasu wajen haihuwar ƙanena, shi ma bai kwana duniya ba. Aka raba 'yan kayanta, danginta suka tafi da tasoshi da zannuwa, ni aka ce min, "Ga kazar uwarki nan." Ba ni da hoton Inna, ba a yin hoto a wurinmu lokacin. Fuskarta ma ta fara ɓace min tun ina ƙarama, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Amma in na ɗauki kazar nan na rungume, sai in tuna yadda Inna ke durƙusawa tana ba ta tsaba a tafin hannu tana yi mata magana kamar mutum. Ita ce abu ɗaya mai rai da ya rage min wanda hannun uwata ya taɓa.

Wata damina sai kazar ta fara ɗingishi. Da farko na zaci ƙaya ta taka. Sannu a hankali ƙafafun suka kumbura, ɓawon ya ɗaga ya yi fari, ta riƙa tsayawa da ƙafa ɗaya tana saran ɗayar da baki har jini ya fito. Na yi ta ɓoye ta a bayan rumbu, amma wa zai ɓoye wa Kaka kaza? Ranar da ƙarshen ɗan yatsanta guda ya bushe ya gutsure, Kaka ta sa kara ta juya ƙafar, ta yi salati, ta ja da baya.

"Kuturta ce," in ji ta.

Wanda bai yi zamanin ba ba zai san nauyin kalmar nan ba. Yanzu ciwo ne da ake shan magani a warke, mutum ya koma cikin iyalinsa, ni kaina na ga waɗanda suka warke. A lokacin kuwa in an ambace ta manya ma sai su yi tsit. Kuma kowa a unguwarmu ya yarda cewa kaza na yin ta, tunda ga yatsa na zubewa ido na gani. Irin wannan kaza ba a yanka ta, don kada wuƙa ta ɗauka. Ba a cin ta, ba a sayarwa, ba a ma ba kare. Kai ta ake yi bayan gari a sake, daji ya ƙarasa.

"Naɗe ta a tsumma, kada ki taɓa ƙafar," Kaka ta ce min. "Ki haye rafi ki sake ta ki dawo. Tsumman ma ki bar shi can."

Na ce, "Kaka, ta Inna ce fa."

"Na san ta wace ce. Tafi."

Baba yana kan hanyar fatauci, ba wanda zan kai wa ƙara. Na ɗauke ta na fita ina kuka, na bi ta cikin gonar dawa har rafi. Wurin nan yanzu kwalbati ne, ruwan baƙi ƙirin, cike da leda. A lokacin ruwa ne garau a kan duwatsu, muna ganin 'yan kifaye. Na taka duwatsun na haye, na zauna a gindin wata kaɗanya. Na kwance tsumman, kazar ba ta ko motsa ba, ta lafe a jikina. Ban san iya zaman da na yi ba, sai na ji murya a bayana.

"Kai yarinya, mene ne kana kuka haka?"

Na juya, sai na ga ko wace ce. Duk yaran gari mun san ta, daga nesa. Wata tsohuwar Gbagyi ce da ciwon kuturta ya cinye wa yatsun hannu, danginta suka yi mata bukka a hayin rafi ita kaɗai. Sukan kawo mata abinci su juye a ƙwaryarta da ke kan dutse su koma. Ba mu san sunanta ba, ta bakin rafi kawai ake ce mata. Mu yara in mun hango ta gudu muke yi. Ranar nan ban gudu ba, domin in na gudu sai na bar kazar.

Ta tsaya nesa kaɗan, kamar yadda ta saba tsayawa da kowa. Hausarta irin ta mutanen wurin ce, kowa kai ne a bakinta, mace ko namiji.

"Ɗaga ƙafan shi in gani."

Na ɗaga. Ta sunkuyo ta daɗe tana dubawa. Na ce cikin shesshekar kuka, "Kakata ta ce kuturta ce." Sai da maganar ta fita na tuna da wa nake magana, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ita kuwa dariya ta yi, har tana riƙe ciki da dungulmin hannu.

"Ni da kuturta mun daɗe tare, na san fuskan shi. Wannan ba shi ba ne. Ƙwaro ne, ƙanana, ido ba ya gani. Suna shiga ƙarƙashin ɓawo suna ci. Da ina da gida na yi kiwon kaji da yawa. Zai warke."

"Iya, za ki warkar min da ita?"

Ta ɗaga hannuwanta biyu ta nuna min. "Da wane yatsa? Ni baki, kai hannu. Taso."

Haka na bi ta har ƙofar bukkarta, wurin da ko manyan maza ba sa zuwa. Ta ture tukunyar ruwa kusa da wuta da gwiwar hannu, ta ce kada ya yi zafi, ya zama yadda zan iya tsoma gwiwar hannuna ban ji komai ba. Na jiƙa sabulun salo a ciki, na tsoma ƙafafun kazar na riƙe har ɓawon ya yi laushi. Ta sa na tauna bakin wani ɗanyen kara ya yi buzu-buzu irin na asuwaki, na riƙa gogawa a hankali. Da na ga wani ɓawo ya ɗago na kai farce zan ɓare, ta daka min tsawa.

"Kar ka ɓare! In ka ɓare jini ne. Bar shi, da kanshi zai faɗi ranar da ya gaji."

Da ƙafafun suka bushe sai ta turo min wani ɗan ƙoƙo da ƙafarta, man kaɗanya ne a ciki. Ta ce in narka shi a tafin hannu, in shafa daga yatsu zuwa sama, ba daga sama zuwa ƙasa ba, don man ya shiga ƙarƙashin ɓawon ya toshe wa ƙwarin numfashi. Na shafa har ƙafafun suka yi sheƙi. Kazar ta lumshe ido ta miƙe wuya a cinyata, karon farko da na ga ta samu sauƙi tun farkon damina. Iya ta ce in bar ta a wurinta, in riƙa zuwa muna maimaitawa, domin ƙwarin suna da ƙwai, in an kashe iyaye 'ya'ya na tafe. Ta kuma ce in na koma gida in kwashe sharar akurki in ƙone, in zuba toka mai yawa a ciki, in ba haka ba sauran kajin ma suna hanya. Na yi hakan, Kaka har ta yaba min, ta ce ashe na fara hankali.

Ɗiban ruwa aikina ne, don haka ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa na daina gardama in an aike ni rafi. In ajiye tulu a wannan gefe, in haye, in tarar da Iya ta riga ta ɗora ruwa. Aikin ba ya son gaggawa, ni kuwa lokacin gaggawa ce da ni. Kullum sai na ce, "Iya, har yanzu ba ta warke ba." Ita kuwa ta ce, "Kai ma ba rana ɗaya ka yi haƙori ba." Tana ba ni labarin gidanta na da, da 'yarta da aka aurar can wajen Keffi wadda ba a bari ta zo, da yadda ake dafa man kaɗanya tun daga tsintar ƙwara har ya taso a tukunya. Tana tsokanata wai Hausawa wuyanmu zai gajarce saboda ɗaukar kaya a ka. Duk zaman nan ba ta taɓa bari ko gefen zanenta ya shafe ni ba. In za ta ba ni abu turowa take yi, in zan wuce sai ta kauce. Kazar kuwa ba ruwanta da wannan doka, har kan cinyarta take hawa ta kwanta.

Wajen ƙarshen damina tsohon ɓawon ya fara zubewa da kansa, sabo ya fito a ƙarƙashi, sumul, mai ruwan ɗorawa. Yatsan da ya gutsure bai dawo ba, amma ta daina ɗingishi, ta koma tono da neman faɗa. Murna ta hana ni tunani. Na ɗauko ta a hammata na shigo gida ina kiran Kaka tun daga ƙofa, na ajiye ta a gabanta.

Kaka ta dubi kazar, ta dubi ƙafafun, ta dube ni. "Wa ya yi wannan aiki?"

"Ni ce, da hannuna. Iya ta bakin rafi ce ta koya min. Ta ce ba kuturta ba ce, ƙwa..."

Ban ƙarasa ba. Ban taɓa ganin fuskar Kaka ta yi haka ba, ko ranar rasuwar Inna. Ba ta dake ni ba, da dukan ma ya fi min sauƙi. Ta ja ni bayan ɗaki, ta tuɓe ni, ta jefa zanena a wuta, ta dirje ni da toka da soso har fatata ta yi ja. Ta riƙa ɗaga yatsuna ɗaya bayan ɗaya tana dubawa.

"Amana aka bar min ke," take cewa. "In yatsun nan suka zube, me zan ce wa uwarki ranar gobe? Me zan ce mata?"

A ranar na tsane ta. Sai da na haifi nawa na gane tsoro ne ya sa ta, kuma tsoron nan daga so ya fito. Da ta gama ta ce ko ƙafar ta warke ko ba ta warke ba, kazar da ta yi wata da watanni tana cin tsaba a waccan ƙofa ba za ta shiga akurkinta ba. Ta tasa ni a gaba har bakin rafi, ta tsaya ta sa na wurga kazar hayi. Iya na tsaye can gindin kaɗanya tana kallonmu. Daga ranar aka raba ni da tulu, aka ɗauki wata mata tana kawo mana ruwa.

Na ceci kazar, kuma na rasa ta. Na daina cin abinci sosai, na daina wasan gaɗa. Da yamma in na tsaya kiran kaji sai in tsinci kaina ina jiran wake-wake bayan kowa ya shiga. Kaka na gani, ta yi kamar ba ta gani. Wani lokaci takan tura min ƙashin miya mai tsoka, ni kuma in bar shi a kwano don ta ji haushi. Haka muka zauna, tsohuwa da yarinya, kowa da taurin kansa, har aka girbe dawa, rani ya shigo, rafi ya janye ya bar yashi.

Wata safiya muna tsakar gida, Kaka na tankaɗe, sai muka ji hayaniyar yara a waje, irin wadda suke yi in sun ga abin mamaki. Muka fita. Iya ce tafe a tsakiyar hanya, ita da ba ta taɓa shigowa gari ba tun da aka fitar da ita. Ta ɗauko babbar ƙwarya a kafaɗa an rufe da faifai, ta tallafe ta da dungulmin hannu. Cikin ƙwaryar 'yan tsaki ne ke ta tsiyu-tsiyu. Ashe da rafi ya janye zakarun gari sun riƙa hayewa. A bayanta kuwa ga wake-wake, ta buɗe fukafukai, tana bin ta sawu da ƙafa tana ƙorafi. Ba ta da yatsun kama kaza, shi ya sa ta yi wa 'ya'yan dabara suka shiga ƙwarya, ta san uwar za ta biyo kukansu ko ina ne. Mutane suka dare gefe biyu, mata na janye yaransu.

Ta tsaya nesa da ƙofarmu, ta gaida Kaka. "Mama, na kawo kayan yarinya. Kiwo ne a hannuna. Ga uwa, ga yara."

Sai ta yi ƙoƙarin sauke ƙwaryar, abin ya gagara. In ta saki hannu za ta kife, in ta durƙusa faifan zai zame. Ta karkata, ta gyara, ta sake karkatawa, gumi na zubo mata. A garinmu, Bahaushe ko Bagbagyi, ba a barin mai kaya ya sauke shi kaɗai, ko baƙo ne ko maƙiyi sai an kama masa. Amma ga mutane cike da hanya, kowa ya harɗe hannu. Na yunƙura, Kaka ta damƙe kafaɗata ta mayar da ni baya. Ta tsaya tana kallo, muƙamuƙinta na motsi. Sai na ji ta ja tsaki mai ƙarfi, ta kaɗe garin hannunta a zane, ta taka har gaban matar, ta sa hannu biyu ta kama ƙwaryar. Sai da ta riƙe dantsen Iya da hannu ɗaya kafin kayan su sauka lafiya. Hanya ta yi tsit, ban da kukan 'yan tsaki.

Kaka ba ta saki dantsen nan da wuri ba. Kallonsa take yi. Daga gwiwar hannu har ƙasa fatar ta bushe ta tsattsage, wasu tsagogin da jini a ciki.

"Ke ba kya shafa mai ne?"

Iya ta yi 'yar dariya ta sunkuyar da kai. "Mai ya ƙare tun damina, Mama. Kaza ya sha."

Sai a lokacin na fahimci ƙoƙon da take turo min. Shi ke nan abin da danginta ke kawo mata na shekara don fatarta, ni kuwa na yi ta kwasa da yatsa biyu ina laftawa a ƙafar kaza, ban taɓa tambaya ba. Kunya ta rufe ni, har yau in na tuna sai na ji zafinta a fuska.

Kaka ta saki dantsen. Da ta buɗe baki, da muryarta ta kullum ta yi, mai kama da faɗa. Ta ce a al'ada mai kiwo yana da rabonsa cikin 'ya'ya, kuma ba a gidanta za a fara cin haƙƙin mai kiwo ba. Iya ta ce ina ita ina 'yan tsaki ba uwa, shirwa za ta kwashe. Kaka ta ce to su zauna nan har su yi fiffike, sannan a kai mata nata. Tana cikin faɗin haka ta karkata ƙwaryar, 'yan tsakin suka watso, wake-wake ta tattara abinta ta bi ta gefen ƙafar Kaka ta shige gida, kai tsaye wajen akurki, kamar jiya ta fita. Na riƙe numfashi ina jiran a ce has a kore ta. Kaka ta bi ƙafafun nan da kallo har suka ɓace, ta ƙyale ta.

Ba zan yi mata ƙarya ba tana kabari: da muka shiga gida sai da ta wanke hannu da toka har gwiwa. Amma tana gamawa ta shiga ɗaki ta fito da tukunyar man kaɗanyarta, wadda ko taɓawa ba a bari mu yi, ta dangwara min a hannu.

"Bi ta, ba ta yi nisa ba."

Na juya da gudu, ta kira ni.

"Ba ajiye mata za ki yi ki dawo ba. Da wane yatsa za ta shafa? Ai an ce kin iya." Ta kawar da kai. "In kin dawo ga toka nan."

Na cim mata a kan yashin rafi. Da ta ji abin da Kaka ta ce, ta ƙi, ta ɓoye hannuwan a bayanta, sai da na ce in na koma da man ban shafa ba dukana za a yi. Muka zauna a kan dutse. Na narka man a tafin hannu, na kama dungulmin nan, na fara daga ƙasa zuwa sama. Yana da ɗumi, kamar hannun kowa. Ta ce cikin tsokana, "Hankali, kar ka ɓare," muka yi dariya. Daga nan ta juya fuska wajen bukkarta, na ga kafaɗunta na rawa. Na tambaye ta ko zafi take ji.

Ta girgiza kai. Ta ce tun ranar da aka haye da ita rafin nan, hannuna ne na biyu da ya taɓa jikinta. Na farkon na Kaka ne, ɗazu.